'Yata Tana Aji Biyar, Ta Kasa Karanta Kwalin Magani

Zuwa ga Mai Girma Sakataren Ilimi na ƙaramar hukumarmu,

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Allah ya ƙara maka juriya a kan nauyin da aka ɗora maka.

Ranka ya daɗe, sunana Habu. Manomi ne ni. Idan damina ta wuce kuma ina awon hatsi a kasuwannin yankin nan, Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar, duk inda kasuwa ta ci. Karatuna bai wuce aji shida na firamare ba, don haka in ka ga kuskure a rubutuna ka yi mini uzuri. Ban ambaci sunan ƙauyenmu ba saboda ba tallan abin kunyarmu na fito yi ba. Kai dai ka san shi, domin takardar iyayen yara tana ofishinka tun lokacin girbi, da sunan makarantar a samanta.

Ban taɓa zaton zan rubuta wa babban mutum wasiƙa a bainar jama'a ba. Ba tarbiyyar da aka yi mini ke nan ba. Amma na bi ƙofar da aka ce a bi har sau uku, ban samu an buɗe ba, kuma lokaci yana ƙure mini. Ina roƙon ka daure ka karanta har ƙarshe.

Na ɗaya: abin da ya faru a gidana

Ina da 'ya mai suna Hindatu. Shekararta goma sha ɗaya, tana aji biyar a makarantar firamaren ƙauyenmu. Tun da na sa ta, ba ta taɓa fashi ba sai da ciwo. A ƙarshen aji huɗu ta zo ta uku. Takardar sakamakon tana cikin akwatina, da hatimin makaranta. Littattafanta cike suke da rubutu mai kyau, layi a miƙe, harafi a tsaye kamar an buga da inji. Nakan ɗauka in nuna wa abokan awona a kasuwa, in ce su dubi hannun 'yata.

Wata Alhamis, farkon zangon karatu na ɗaya, lokacin gero ya fara nuna, na tafi kasuwar Maigatari tun da safe. Ƙaninta Musbahu, wanda bai kai shekara ba, ya kwana da zazzaɓi da tari. Mahaifiyarsu ta goya shi zuwa asibitin sha-ka-tafi na ƙauyen da ke gaba da mu. Aka ba ta magani kwalba biyu. Ma'aikacin ya yi mata bayani, ya kuma rubuta a jikin kowane kwali da Hausa, ba da Turanci ba. Bai yi laifin komai ba. Amma kafin ta tako gida a cikin rana, yaro yana ta kuka a bayanta, bayanin ya cakuɗe mata. Ita ba ta yi boko ba. Sai ta jira Hindatu ta taso daga makaranta, ta miƙa mata kwalin maganin tarin, ta ce ta karanta mata.

Abin da ke rubuce shi ne a ba shi rabin ƙaramin cokali, sau 2 a rana. A duk rubutun nan, lambar nan ta biyu kaɗai Hindatu ta gane. Ta juya kwalin, ta sake juyawa, uwarta na tsaye tana jira. Sai ta ce cokali biyu aka rubuta.

Uwarta ta ba shi cokali biyu da azahar. Ta ƙara masa biyu da la'asar.

Na iso gida rana ta yi ja, na tarar da mata sun cika tsakar gida. Yaro a kwance a cinyar uwarsa, wuya ya saki, an kai masa nono ya kasa kamawa, ana girgiza shi ba ya buɗe ido. Na ɗauki kwalin na karanta. Ranka ya daɗe, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

A kan babur muka kai shi Gumel, uwarsa na rungume da shi a bayan mai babur, ni ina biye a wani. Kwana uku muka yi a asibiti. Allah ya yi yana da sauran kwana, ya tashi. Likitan da ya duba shi ya gaya mini cewa da an ƙara masa na uku, sai dai wani ikon Allah.

Akwai abin da na yi wanda dole in faɗa, domin ba na so in nuna kamar ni ba ni da laifi. Rana ta biyu aka kawo Hindatu asibitin don ta duba ƙaninta. A barandar ɗakin yara, a gaban mutane, na daka mata tsawa. Na tambaye ta shekara biyar me take yi a makaranta. Na ce ta kusa kashe ɗan'uwanta. Ba ta yi kuka ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ina iya rubutawa, amma ban san abin da suke cewa ba. Na ji kunya ne in gaya wa Inna ban iya ba."

Har in mutu ba zan manta da wannan magana ba, kuma ba zan yafe wa kaina tsawar nan ba.

Na biyu: abin da na gani da idona a cikin aji

Da muka dawo gida, da fushi na nufi makarantar. Niyyata in ci wa malaminsu mutunci. Sunansa Malam Isyaku, dattijo ne, furfura ta gama cin gemunsa. Ya saurare ni har na gama. Bai musa mini komai ba. Abin da ya ce kawai shi ne in zo in zauna a bayan aji na mako guda, in ya so bayan nan duk abin da na ga dama in faɗa masa. Na ajiye kwanon awona, na bar kasuwa uku suka wuce ni, na zauna. An ce gani ya kori ji. Ga abin da na gani.

Makarantar aji shida ce, malamanta uku, har da hedimasta. Malam Isyaku shi ke riƙe da aji huɗu da aji biyar, ɗaki biyu a jere. Wani malamin yana riƙe da aji shida da aji uku. Aji ɗaya da aji biyu na hedimasta ne, ranar da ba a kira shi taro ba. Ranar da aka kira shi, ƙananan sai su yini a gindin dalbejiya suna wasan ƙasa har a tashi. A makon da na zauna, sau biyu aka kira shi.

Da safe Malam Isyaku yakan shiga aji biyar, a gaisa, a kira suna. Daga nan sai ya buɗe littafinsa na Turanci, wanda shi kaɗai ne a ajin, ya nuna shafin da za a kwafa, ya wuce aji huɗu. To wa zai rubuta a allo? Wanda ya fi kowa kyan hannu. Wato Hindatu.

Ina zaune a kan guntun benci a baya, na ga 'yata ta tashi, ta karɓi littafi da alli, ta hau kan bulo don ta kai saman allo. Ta dinga duban littafi tana zana harafi, tana duba tana zanawa, kamar mai kwaikwayon zanen hula. Ta cika allo tas, babu kuskure ko ɗaya. Yara wajen sittin, yawancinsu a ƙasa a zaune, littafi a kan gwiwa, suka kwafe abin da ta rubuta. Wadda ba ta san abin da take rubutawa ba, tana rubuta wa waɗanda ba su san abin da suke kwafa ba. Shekara ta biyu ke nan tana wannan aiki, ni kuwa ina yawo da littafinta a kasuwa ina alfahari.

Idan Malam ya dawo, sai ya karanta layi ɗaya da ƙarfi, su amsa gaba ɗaya. Ya maimaita, su maimaita. Wanda ke wucewa ta bayan taga zai rantse karatu ake yi. Suna rera sunayen jihohi da manyan biranensu ba gargada. Suna rera ɗaya sau ɗaya har zuwa sha biyu. Amma na lura ko allon ba sa kallo. Wasu idonsu na kan ƙofa, bakinsu na tafiya shi kaɗai.

Ranar Laraba na nemi izinin Malam, na goge wani gefe na allon, na rubuta kalma huɗu da Hausa: akuya ta sha ruwa. Na ce wanda zai iya karantawa ya ɗaga hannu. Hannu bakwai suka tashi. A cikin bakwai ɗin, huɗu ne suka karanta daidai. Da na bincika, duk huɗun suna da yayye a sakandare da ke koya musu a gida. Sauran suka zuba mini ido. Waɗannan yara ba daƙiƙai ba ne, ranka ya daɗe. Na san iyayensu. A cikinsu akwai yarinyar da ke ƙirga awakin gidansu ta gane wadda ta ɓata tun daga nesa, akwai waɗanda suka haddace izu biyar, izu shida a makarantar allo. Ba a koya musu ba ne kawai.

Na tambayi yadda 'yata ta zo ta uku. Malam ya nuna mini. Mako guda kafin jarrabawa, ana rubuta tambayoyi da amsoshinsu a allo, a yi ta rerawa, a yi ta kwafa. Ranar jarrabawa tambayoyin su fito a jere yadda aka saba. Wanda ya fi riƙe siffar amsa a ka, shi ke zuwa na ɗaya.

Na uku: ba kan malamin nake kuka ba

Ina so wannan ya fito fili, domin na san yadda ake yi: in ƙara ta zo, sai a nemi na ƙasa a danne. Malam Isyaku ba ya makara. Daga ƙauyensu yake zuwa a kan keke cikin yashi, wani wurin sai ya sauka ya tura. Allon ajin ya koɗe, shi yake haɗa baƙin batir da ƙaro ya shafe shi da hannunsa ranar Asabar. Muryarsa ta dushe saboda magana a ɗaki biyu.

Ranar Juma'a da aka tashi, muka zauna ni da shi a inuwa. Ya ce mini ya sani. Ya san waɗanda suka iya da waɗanda ba su iya ba, ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu. Ya ce yaran suna iso masa aji huɗu ba su san haɗa baƙi da wasali ba, domin a aji ɗaya da biyu babu wanda ya zauna da su. Ya ce ya taɓa ajiye manhaja na wata guda ya koma koya musu ba, bi, bu. Sai masu duba makarantu suka zo, suka ga littattafan yara ba su kai inda manhaja ta ce a kai ba, aka rubuta masa takardar tuhuma. Tun daga ranar bai sake ba. Ya ce masu dubawa suna duba rajista, su duba littafin shirin darasinsa, su ɗaga littattafan yara biyu ko uku su ga a cike, su sa hannu su tafi. A duk shekarun da ya yi a nan, bai taɓa ganin wanda ya tsayar da yaro ya ce karanta mini wannan ba.

Dattijon nan yana magana idonsa ya kawo ruwa. Ya ce abin da ke hana shi sukuni shi ne ranar da Allah zai tambaye shi yaran nan. Ni da na zo cin mutuncinsa, sai ga ni ina ba shi haƙuri.

Na huɗu: kwalayen da ke ofishin hedimasta

A kusurwar ofishin hedimasta akwai kwalaye biyar a ɗaure. Littattafan koyon karatu ne na Hausa, masu hotuna, na aji ɗaya zuwa uku. Damina biyu ke nan da kawo su. Wanda ya kawo su ya bar saƙo cewa kada a buɗe sai manya sun zo an yi bikin miƙawa, an ɗauki hoto. Har yau manya ba su zo ba. Hedimasta ya ce ya tambaya, aka ce ya jira. Yana tsoron ya buɗe a ce ya yi gaban kansa.

Na ɗaga kwalin ƙasa da hannuna. Gara ta shiga ta gindinsa. Na zaro littafi ɗaya ta inda ya ɓule, rabinsa ya zama ƙasa. A shafin da ya saura akwai hoton rago, an rubuta sunansa a ƙasa da manyan baƙaƙe. Bango ɗaya ne tsakanin kwalayen nan da ɗakin 'yan aji ɗaya. Da an ba 'yata irin littafin nan tun tana ƙarama, da ban kwana uku a asibiti ina jiran ko ɗana zai buɗe ido ba.

Na biyar: zuwan da muka yi ofishinka

Mu huɗu muka zo daga kwamitin iyaye, bayan an yanke gero. Aka ce ka tafi taro. Muka bar takarda a hannun masinja, ya karɓa da mutunci. Muka dawo bayan mako uku, aka ce takardar tana kan tebur, ba a kai gare ta ba. Zuwa na uku, cikin sanyi, ni kaɗai na zo, domin sauran sun gaji. Na zauna a benci tun hantsi har aka kira azahar. Ka fito za ka shiga mota, na durƙusa na gaishe ka, na faɗi sunan makarantarmu. Ka amsa mini da fara'a, ban manta ba. Ka ce ana sane, za a duba. Na yarda kana da makarantu da yawa a kanka, kuma kowace da kukanta. Amma zango na ɗaya ya ƙare, ga na biyu ya raba, ko alli ɗaya bai canja ba.

An taɓa turo mana wata malama bara. Zango ɗaya ta yi aka mayar da ita cikin gari. Ban ga laifinta ba, domin ba mu tanadar mata masauki ba, kuma hanyarmu ba ta mace mai goyo ba ce. Wannan kuskurenmu ne, mun kuma gyara, kamar yadda zan faɗa a ƙasa. Amma sunanta har yanzu yana cikin jerin malaman makarantarmu. A takarda muna da huɗu. A aji muna da uku.

Na shida: halin da muke ciki yanzu

Hindatu ba ita ba ce. Yarinyar da ke tashi da waƙa tana shara, yanzu sai ta yini ba ka ji muryarta ba. Ba ta yarda ta ɗauki Musbahu. In ya rarrafo wurinta sai ta tashi ta ba shi wuri. Ko ruwa uwarta ta ce ta ba shi, sai ta ce a sa wani. A rijiya 'yan'uwanta yara suna kiranta likita. Makaranta kuwa sai na riƙe hannunta na kai ta bakin ƙofa. Ta ce wa Malam ba za ta sake rubutu a allo ba, shi ma bai tilasta mata ba.

Na ce to bari in koya mata da kaina. Duk ranar da ba ni da kasuwa, bayan la'asar, mukan zauna a zaure, in share ƙasa in rubuta da tsinke. Ranka ya daɗe, iya karatu daban, iya koyarwa daban. Ban san ta inda ake farawa ba. In ta yi kuskure sau uku sai in ji raina ya fara ɓaci, ita kuma da ta ga fuskata ta canja sai wanda ta sani ma ya gudu. Duk da haka, cikin mako uku ta haɗa baƙi da wasali. Wata rana buhun da nake zuba gero yana jingine a zaure, na rubuta sunana a jikinsa da shuni don kada ya ɓata a kasuwa. Ta tsaya a kansa, ta sa yatsa, ta ce ha, ta ce bu. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Baba, sunanka ne." Shekara nawa tana ganin buhun nan, sai ranar ta san abin da ke jikinsa. Na fita bayan gida don kada ta ga hawayena.

Abin da ni jahili na iya a mako uku, a ƙasa da tsinke, me ya hana a yi shi a shekara biyar? Kuma ni kwana huɗu a mako ba na gari. In na zauna ba za mu ci ba. Sauran yara hamsin da wani abu kuma fa, waɗanda iyayensu ko sunansu ba sa iya rubutawa, wa zai share musu ƙasa?

Labarin ya bazu a ƙauye. Gida shida da na sani sun cire 'ya'yansu daga makaranta, an mayar da su kiwo da ɗiban ruwa. Abin da ya fi ci mini rai, wasu daga cikinsu ni na bi su gida-gida shekarun baya na roƙe su su sa yaran. Yanzu in mun haɗu a masallaci sai su kau da kai, ni ma in kau da nawa. Yayana Sale, wanda shi ne babba a gidanmu tun rasuwar mahaifinmu, ya kira ni ya ce wahalar ta isa haka, a bar yarinya ta zauna ta taya uwarta aiki, tunda bokon bai tsinana mata komai ba sai baƙin jini. Na roƙe shi ya ba ni zuwa ƙarshen shekarar karatu. Ya ce ya ba ni. Ban san abin da zan nuna masa ba in lokacin ya yi.

Ga kuma babban tashin hankalin: Malam Isyaku zai yi ritaya a ƙarshen zango na uku. Takardarsa ta riga ta fito. Daga nan malamai biyu za su rage wa azuzuwa shida. Shekara ɗaya tak ta saura wa Hindatu da 'yan ajinsu a firamare. In suka fita a haka, sun fita ke nan. Za a ba su takardar shaida mai hatimi, a tura su sakandare su zauna a baya suna kwafa, har su gaji su bari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, nasu kuwa ya fara bushewa muna kallo.

Na bakwai: abin da nake roƙo

Ban roƙi sabon gini ba. Ban roƙi katanga ko fenti ba. Yara za su iya karatu a ƙasa, ni ma a ƙasa na yi.

1. A ba hedimasta izini a rubuce ya buɗe kwalayen nan a makon nan, a raba abin da gara ta bari. Wannan layi biyu ne da sa hannunka. In hoto ake buƙata, mu iyaye za mu taru a ɗauke mu duk ranar da aka ga dama.

2. A ba Malam Isyaku izini, shi ma a rubuce, ya ware awa ɗaya kowace safiya ya koya wa 'yan aji huɗu da biyar karatu da Hausa tun daga tushe, ba tare da an tuhume shi da barin manhaja ba. Watannin da suka rage masa kaɗan ne. Ya ce mini in an sake masa hannu, zai iya fitar da mafi yawansu kafin ya tafi, kuma na yarda da shi.

3. A turo mana malami na aji ɗaya da biyu wanda zai zauna, a kuma turo magajin Malam Isyaku tun kafin ya tafi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Mu iyaye mun riga mun gina ɗaki biyu da kewaye kusa da gidan mai gari, mun yi daɓe, mun sa ƙofa. Mun yi alkawari duk wanda ya zo, mace ko namiji, ba zai sayi gero ba, ba zai ɗebo ruwa da kansa ba. Ɗakin yana nan a share, ba kowa a ciki.

4. A cire sunan wanda ba ya nan daga jerin malamanmu, don a san gaskiyar yawanmu.

5. Masu duba makarantu, in sun zo, su bar littattafan yara a ƙasa su tsayar da yaran su yi karatu.

6. A daina ba mu takardar sakamako ta ƙarya. In ɗana bai iya ba, a rubuta bai iya ba. Zan ji zafi, amma zan san ina da mara lafiya a gida, in nemi magani tun da wuri.

Na ƙarshe, kuma shi ne mafi girma a wurina: ka zo da kanka. Kada ka aiko a ce kana tafe, domin za a share fili a jera yara su yi maka waƙar maraba, ka koma da farin ciki. Ka zo ranar Talata ko Laraba da hantsi, kai da direbanka kawai. Ka shiga aji biyar, ka zaro kowace takarda ce a aljihunka, ka miƙa wa yaron da idonka ya fara sauka a kansa. Ka tsaya ka dubi fuskarsa lokacin da yake juya ta. In ka iya komawa mota ka ci abincin rana bayan wannan, ni Habu na yi alkawari ba zan sake damun ka ba.

Ranka ya daɗe, kai ma uba ne. Ban rubuta wannan don in tozarta ka ba, Allah shi ne shaidata. Na rubuta ne don na rasa inda zan sa kaina. Ba ni da kowa a sama, ba ni da hanyar kai 'ya'yana makarantar kuɗi a birni. Wannan makaranta mai ɗaki shida ita ce iyakar abin da muke da shi.

Ina roƙon Allah ya yi maka jagora, ya haɗa ka da mashawarta na gari, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya. Allah ya raya maka zuriyarka, ya ba su ilimi mai amfani, kada ya nuna maka ranar da ɗanka zai tsaya a gabanka da takarda a hannu yana jin kunyar ya ce bai iya ba. Allah ya sa ranar da za a tambayi kowane makiyayi abin da aka ba shi kiwo, ka samu amsar bayarwa, mu ma iyaye mu samu.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Habu mai awo,
mahaifin ɗaliba a aji biyar.